Gida Tara, Awo Takwas



 Da shugaba ya kira ni ya ce in zo Makka in yi bayanin abin da nake karantawa, sai da na ce masa ya sake tunani. Shekara uku ke nan mahaifiyata tana yi min wannan tambayar, kuma har yau abin da take gaya wa maƙwabta shi ne, "Yana can Saudiyya yana gyaran hoto." Wasu a unguwarmu sun ɗauka situdiyo na buɗe a Jidda. An taɓa turo min hoton biki ta WhatsApp, wai in taimaka in cire wani daga ciki.

Ni injiniyan lantarki na karanta a Zariya. Yanzu ina shekara ta uku a digirin digirgir a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda aka fi sani da KAUST, a Thuwal, garin masunta a bakin Bahar Maliya, kilomita kamar 80 arewa da Jidda. An buɗe ta a 2009. A takarda mu ma 'yan lardin Makka ne, mu da ku gwamnanmu ɗaya, sai dai ku kuna ganin Harami kullum, mu kuwa sai mun shiga mota.

Bari in fara da abin da ya kawo ni cikin wannan karatu.

Autanmu yana da sikila. Yana ɗan shekara 10 malaminsa ya fara ƙorafi, cewa yaron da ke zuwa na uku a aji ya koma ba ya riƙe abin da aka koya masa jiya. Baba ya ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, har faɗa ya sha. Wata likita ce ta ce a yi hoton ƙwaƙwalwarsa da injin MRI, domin masu sikila sukan samu toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga hannu ko ƙafa ta shanye ba. Abin ba ya bayyana sai a hoto, ɗan tabo fari, wani lokaci bai wuce milimita 3 ba, kamar ƙwayar dawa.

Ni na kai shi, lokacin ina aji uku a jami'a. Muka yi tafiyar awa huɗu zuwa wani asibiti, muka jira aka tada janareta. Ga wanda bai taɓa shiga injin nan ba: rami ne kamar kwalbati, a tura ka ciki, ƙara kamar ana sassaƙa turmi a kunnenka, sannan a ce kada ka motsa har minti 40. Yaro ne, gwiwoyinsa na ciwo. Ya motsa. Hoto ya fito da inuwa-inuwa, aka ce sai an sake, kuma sai an sake biya. Maganin barci kuwa likita ba ta son a ba mai sikila sai in ya zama dole. Kuɗin da muka zo da shi na shiga ɗaya ne. Sai bayan wata biyu muka koma.

A motar komawa gida tambaya ɗaya ce a kaina. Wayata tana ɗaukar hoto kafin ƙiftawar ido, me ya sa injin miliyoyin kuɗi sai ya yi minti 40? Amsar da na samu daga baya ita ce, injin nan ba hoto yake ɗauka ba. Awo yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Hoton kuma lissafa shi ake yi daga awon.

To yaya ake lissafa hoto? A nan zan kira wani Bakatsine ya taimake ni. A ƙarni na 18 an yi malami, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Ya baro Katsina, ya zo garin nan ya yi aikin hajji, ya wuce Alƙahira, a can ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A wajajen 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake cika hatimi da lambobi. Na ga malamaina sun ɗan gyara zama. Ku kwantar da hankalinku, lissafin kawai zan ɗauka, sauran maganar na bar muku.

Ku zana akwati mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye. Layin farko ku rubuta 4, 9, 2. Na biyu 3, 5, 7. Na uku 8, 1, 6. Duk layin da kuka tara a kwance 15 ne, a tsaye 15, a karkace ma 15. Wannan shi ne abin da al-Katsinawi ya ƙware a kai, har a akwatuna manya. Aikina kuwa juyin wannan ne. Ni ba a nuna min cikin akwatin. Jimillar layuka kawai ake ba ni, a ce in faɗi abin da ke kowane gida.

Haka injin CT yake aiki. Yana harba haske mai ratsa jiki ta wannan gefe, ya auna abin da ya fita ta wancan, abin da ya ragu shi ne jimillar duk abin da hasken ya ratsa a kan layinsa. Ya juya kaɗan, ya sake. Johann Radon ya nuna tun 1917 cewa idan ka san jimillar kowane layi, kana iya dawo da abin da ke ciki. Godfrey Hounsfield ya gina injin, aka yi wa mara lafiya na farko hoton kai a Landan a 1971, hoton yana da gida 80 sau 80. MRI hanyarsa daban, maganaɗisu ne da sauraren igiyar rediyo da ke fitowa daga ruwan jikin mutum, amma a wajen mai lissafi labarin ɗaya ne: kowane awo wata jimilla ce ta gidaje masu yawa, kai kuma ka warware.

Yanzu ku koma kan akwatinku. Awo nawa muke da shi? Uku a kwance, uku a tsaye, biyu a karkace, takwas ke nan. Gida kuwa tara. Ku zana wani akwatin a gefe, ku cika kowane gida da 5. Ku tara. A kwance 15, a tsaye 15, a karkace 15. Kun gani? Akwati biyu, ɗaya lafiya lau, ko'ina 5, ɗaya kuma akwai 9 a zaune a cikinsa, amma awonsu ɗaya ne tak. Injin da ya yi awo takwas ɗin nan ba shi da hanyar bambance su. Idan 9 ɗin nan ita ce tabon da ke kan ƙanena fa?

Duk karatuna a cikin wannan akwati yake. In kana son yaro ya yi minti 10 a injin maimakon 40, dole ka rage awo. In ka rage awo, amsoshi da yawa za su dace da abin da ka auna. To wacce za ka miƙa wa likita?

Akwai matsala ta biyu, ita ce awon kansa ba ya fita tsaf. Akwai ƙura a ciki: zafin wayoyi, numfashi, bugun zuciya. Sai ka tara a kwance ka samu jimilla 45, ka tara a tsaye ka samu 46, alhali akwati ɗaya ne. Babu amsar da za ta gamsar da kowane awo. Ɗaliban Shari'a, kun riga mu sanin irin wannan. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma biyu bisa uku. Uku bisa shida da huɗu bisa shida, bakwai bisa shida, rabo ya fi dukiya. Me aka yi tun zamanin Sayyidina Umar? Auli. Aka mai da asalin daga 6 zuwa 7, kowa ya ɗan ragu, ba a ɗora wa mutum ɗaya asarar ba. Ba na ce abu ɗaya ne ba, kada masu rabon gado su tare ni a ƙofa, amma tunanin ya yi kama. Mu ma muna neman amsar da za ta raba giɓin a tsakanin dukan awo, ta yadda jimillar saɓanin za ta zama mafi ƙanƙanta. Wannan neman mafi ƙanƙanta shi ne sunan fannin nawa: lissafin neman amsa mafi dacewa.

Amma auli bai warware matsalar farko ba. In amsoshi da yawa sun dace, sai ka ƙara wani abu daga wajenka. A gida ana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To mu a sana'armu babu hoto sai da zato. Andrey Tikhonov na Rasha ne ya tsara yadda ake shigar da zaton cikin lissafi, a shekarun 1960. Kana iya cewa, ina zaton jikin mutum ba ya tsalle-tsalle daga gida zuwa gida, saboda haka a ba ni amsar da ta fi santsi. A 1992 Rudin da Osher da Fatemi suka kawo zato mafi kyau, wanda ke barin iyakar gaɓa da gaɓa ta fito da kaifinta. A 2006 kuma Candès da Romberg da Tao, da Donoho a nasa ɓangaren, suka tabbatar da cewa in hoto yana da sauƙin tsari ta wata fuska, kuma an warwatsa awon yadda ya kamata, awo kaɗan ya isa. Shekara ɗaya bayan haka Michael Lustig da abokan aikinsa suka nuna shi a kan MRI. Yau injuna da yawa suna amfani da wannan.

Sai dai ku riƙe wannan a ranku: in na ce wa kwamfuta ta ba ni amsar da ta fi santsi a akwatinmu, wacce za ta ba ni? Mai 5 ko'ina. Za ta share 9 ɗin, ta miƙo hoto mai kyau, ba ta yi ƙarya a kan ko awo ɗaya ba. Zan dawo kan wannan, domin ya taɓa cin ni.

Ta yaya ake nemo amsar? Gida tara ana yi da biro. Amma kan mutum in aka yanka shi gida 256 a tsawo, 256 a faɗi, 256 a zurfi, gida 16,777,216 ke nan. In ka ce za ka rubuta jadawalin alaƙar kowane gida da kowane gida, sai ka tanadi ma'ajiya ta fiye da terabait 2,000. Babu mai yin haka. Abin da ake yi shi ne laluɓe. Ku ɗauka mutum yana kan dutsen Dala da asuba, hazo ya rufe gari, ba ya ganin tafin hannunsa, yana son ya sauko. Zai taɓa ƙasa da ƙafa, ya ji inda ta fi gangara, ya yi taki ɗaya, ya sake taɓawa. Tudun shi ne yawan kuskure, ƙasan dutsen shi ne amsa. Cauchy na Faransa ya rubuta wannan dabara a 1847, kuma har yau jikokinta muke amfani da su. Gwanintar tana wajen girman taki. Ka yi babba, ka tsallake hanya ka faɗa wani gefen. Ka yi ƙarami, azahar ta same ka a sama. Rabin takardun da ake bugawa a fanninmu, in ka cire musu ado, gardama ce a kan yadda za a sauko da taki 50 maimakon 5,000.

Kowane taki ɗaya kuwa sai an taɓa gidajen nan miliyan 16 duka. Nan ne kashi na biyu na karatuna ya shigo, wanda ni a raina nake kiransa lissafin gayya.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya. Gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana nomewa, a tara samari 30 su gama kafin la'asar. Babbar kwamfuta ba wata ƙwaƙwalwa ɗaya ba ce mai tsananin basira, ƙananan ma'aikata ne dubbai aka tara a zaure ɗaya aka haɗa su da wayoyi. Ta jami'armu sunanta Shaheen. Shaheen ta biyu, da aka kafa a 2015, ta zo ta bakwai a duniya a lokacin, tana da ma'aikata kusan dubu 200, tana shan wuta kusan megawat 3 ita kaɗai. Yanzu ta uku ce ke aiki, ta ninka ta. Masu binciken ƙarƙashin ƙasa na cikin manyan masu amfani da ita: a girgiza ƙasa, a saurari amsa-kuwwar da ta dawo, a lissafa hoton duwatsun da ke ƙasa don a san inda mai yake. Akwatin nan ne dai, sai dai gidajensa biliyoyi ne. Da irin wannan hoton ake zaɓar inda za a haƙa rijiya, ko a nan Saudiyya, ko a Agadem ta Nijar, ko a Kolmani tsakanin Bauci da Gombe.

Ranar da aka fara ba ni izinin shiga Shaheen na ɗauka wahala ta ƙare. Na ba ma'aikata 64 aikina, ya yi sauri kusan sau 40. Na ce madalla, na ba 1,024. Wallahi sai ya fi na 64 ɗin jinkiri. Na kwana biyu ina neman inda na yi kuskure a rubutu, ashe ba a rubutu yake ba.

Duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san dalili. Na farko, akwai aikin da ba ya rabuwa. In tukunya ɗaya ce ke dafa abincin 'yan gayya, ko ka tara mutum 1,000 sai sun jira ta. Gene Amdahl ya faɗi wannan da lissafi a 1967: in kashi 5 cikin 100 na aikinka ba ya rabuwa, ko ma'aikata nawa ka zuba saurinka ba zai wuce ninki 20 ba. Na biyu, kowa sai ya jira na ƙarshe kafin a shiga kunya ta gaba, saboda haka rago ɗaya ya isa ya tsayar da gona. Na uku, kuma shi ya kama ni, surutu. A noma kowa da kunyarsa, ba ruwansa da na can nesa. A MRI kuwa kowane awo ya shafi kowane gida, don haka bayan kowane taki sai kowane ma'aikaci ya aika wa kowa abin da ya samu. Mutum 64 suna iya wannan. Mutum 1,024 sai gona ta koma kasuwa, ana ta aike, ba mai riƙe da fartanya. A kwamfutocin yau, ɗauko lamba daga nesa ya fi lissafa ta tsada, a lokaci da kuma a wuta. Shekarata ta farko kusan duk ta tafi ne a koyon yadda zan sa ma'aikata su yi taki da yawa kowa a wurinsa kafin su yi magana sau ɗaya, ba tare da sun ɓace wa juna ba.

Kada ku ɗauka wannan abu ne na Thuwal kawai. Bayan turmutsitsin Jamarat na 12 ga Janairun 2006, wanda ya ci fiye da mutum 340, Dirk Helbing da Anders Johansson da Habib Al-Abideen sun sa kwamfuta ta bi hotunan bidiyon ranar tana ƙirga kawuna da saurin tafiyarsu. Sun ga cewa mintuna kafin faɗuwar farko tafiyar jama'a ta riga ta sauya, daga gudana zuwa tsaya-tafi, daga nan zuwa tunkuɗa ta ko'ina. Alamar tana cikin hoton, idan akwai mai lissafa ta da sauri. A nan Ummul Ƙura akwai cibiyar binciken Hajji da Umara da ke irin waɗannan ayyuka. Ƙannena masu karatun kwamfuta a nan, ku leƙa, ba sai kun zo wajenmu ba.

Yanzu in cika alkawarin da na yi, in faɗi yadda akwatin ya ci ni.

A shekarata ta biyu na bar tsofaffin zato na koma na zamani. Maimakon in gaya wa kwamfuta yadda ƙwaƙwalwar mutum take, sai in nuna mata dubban hotuna ta koya da kanta. Akwai tarin hotunan gwiwa da na ƙwaƙwalwa da Jami'ar New York da Facebook suka fara saki a 2018 don masu bincike, sunansa fastMRI, da shi na yi. Na rage awo zuwa kashi ɗaya cikin takwas, minti 40 ya koma 5. Hotuna suka fito tas, har sun fi na asali kyan gani. Makin da muke auna kamanni da shi ya hau sama. Na aika taƙaitaccen aikin zuwa wani taro, aka karɓa. Na kira gida na ce a taya ni murna.

Sai wata likitar hoto ta zo mana ziyara sashe. Na nuna mata ina ta washe baki. Ta daɗe tana kallo, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta ce in ɗauki hoto ɗaya na asali, in ɗiga masa ɗan tabo na milimita 3 da hannuna, in rage awon, in ga ko zai dawo. A daren na gwada guda goma. A huɗu daga ciki tabon ya ɓace, wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa sa komai ba. A ɗaya kuma, abin da ya fi tayar min da hankali, kwamfutar ta zana wani siririn layi kamar jijiya a inda babu jijiya. Ta saba ganin irinsa a wurin, awon bai hana ta ba, sai ta sa.

Na zauna a ofis har aka kira asuba. Tabon da na ɗiga daidai yake da wanda aka samu a kan ƙanena da muka koma karo na biyu, wanda saboda shi aka canza masa magani aka fara bibiyarsa. Da da dabarata aka yi masa hoton, da minti 5 zai yi, ba zai motsa ba, ba za mu biya sau biyu ba, kuma da an sallame mu an ce lafiyarsa ƙalau, ya rage wasa.

Makin da nake alfahari da shi matsakaicin kuskure ne a kan miliyoyin gidaje. Tabo mai gida ashirin ko talatin ba ya ko motsa shi. Kuma ba ni na fara faɗawa ramin ba. A 2020 Vegard Antun da Anders Hansen da abokansu sun buga bincike a kan wannan, har ƙaramin rubutu suka ɓoye a cikin hoto suka nuna yadda wasu dabarun ke shafe shi. Takardar tana cikin kwamfutata, na sauke ta ban karanta ba.

Da safe na je wajen malamin da ke duba aikina, ƙafata kamar ba tawa ba. Muka janye aikin daga taron. Wata bakwai suka tafi. Abin da ya fi min wuya shi ne kiran gida, domin Hajiya ta riga ta raba goro.

Abin da nake yi yanzu daga wannan daren ya fito. Ba na miƙa hoto ɗaya. Ina miƙa biyu: hoton, da taswirar da ke nuna wa likita inda awo ne ya yi magana da inda zatona ne ya cike giɓi. A akwatinmu, taswirar za ta ce gidan tsakiya 5 ne tabbas, kuma haka ne, in kun gwada za ku ga duk amsar da ta dace sai ta sa 5 a tsakiya, sauran gidajen kuwa kada a rantse a kansu. Hanyar samun taswirar ita ce a warware lissafin sau ɗaruruwa, kowane karo da ƙura daban da mafari daban, a ga inda amsoshin suka haɗu da inda suka watse. Abin daɗin shi ne wannan gayya ce ta gaske, kowa da gonarsa, ba mai jiran wani, ba surutu sai a ƙarshe. A nan Shaheen take nuna ƙarfinta. Zuwa yanzu, a kashi ɗaya cikin huɗu na awo, wato minti 10, tabon yana dawowa a gwaje-gwajena. A ɗaya cikin takwas ba ya dawowa kullum, amma taswirar tana yin ja a wurin. Duk wannan a kan hotunan ajiya ne, ban kai ga mara lafiya ba tukuna.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, domin kawuna ya riga ku: mu da wutar ƙasarmu gaba ɗaya take yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ina mu ina kwamfutar da ke shan uku ita kaɗai? Gaskiyarsa. Ni kaina ba na fatan a kai Shaheen Kano. Amfaninta a wajena shi ne a yi gwajin dubu a kanta, a gano wane taki ne ya isa, wane ne ɓata lokaci, har lissafin ya ƙanƙance ya shiga kwamfuta ɗaya mai katin GPU irin na masu wasan gem, wadda sola za ta iya riƙewa. Kuma injunan kansu suna sauyawa. MRI na manyan asibitoci, mai ƙarfin tesla 1.5, yana buƙatar ruwan heliyom da wutar da ba ta yankewa. Amma a Jami'ar Mbarara ta Yuganda, tare da jami'o'in Leiden da Delft na Holan, an harhaɗa ƙaramin inji da maganaɗisun dindindin, ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin talatin na wancan. Irin wannan injin awonsa ƙura ta yi masa yawa, wato rabin aikin ya koma kan mai lissafi, zato ya ƙaru, haɗarin da na faɗa muku ma ya ƙaru. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila, an ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 a shekara. In ƙananan injunan nan suka iso mana da zaton da aka koya daga kawunan mutanen New York, wa zai zauna ya ɗiga tabo ya gani ko zai dawo?

Shugaba yana nuna min agogo, saboda haka roƙo biyu zan yi in zauna.

Na farko ga masu karatun likita, da waɗanda ke da yayye likitoci a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi. Ina neman likitan hoto ko na yara da zai yarda mu yi aiki tare a kan hotunan ƙwaƙwalwar masu sikila, ta hanyar da ta dace, da izinin kwamitin asibiti, a cire sunaye da duk abin da zai nuna mai shi. Ba turo min hoto ta waya nake nufi ba, don Allah kada a yi haka. Ko hoto 200 aka samu, wanda likita ya zagaye tabon da hannunsa, zai canza aikina.

Na biyu ga malamaina na Larabci. Na samu kwafin littafin al-Katsinawi, Bahjatul Afaƙ, a kwamfutata yake wata biyar. Lambobin ina gane su, har na bi hanyarsa na cika akwati mai gida 25. Amma Larabcina na sayen shawarma ne, bayanin da ke tsakanin akwatunan ya fi ƙarfina. Ina shigowa Makka kusan duk bayan mako biyu, ranar Juma'a, nakan sauka wajen wani ɗan'uwa a Misfala. In akwai wanda zai ba ni awa ɗaya bayan la'asar mu riƙa karanta shafi biyu-biyu, shayi da gurasa a kaina. Ya same ni a bakin ƙofa in an tashi, motar Thuwal sai ƙarfe goma.